Galayit: Ma'adini Mai Yawan Galiyam, Amma Ba A Haƙar Sa

Gabatarwa

Idan aka ce ma'adini, abin da yakan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne zinariya ko azurfa ko lu'ulu'u, wanda ya taso a yankin Filato kuma ya ƙara da kuza. Waɗannan duk abubuwa ne da ake haƙa, a wanke, a auna, a sayar. Wannan maƙala kuwa za ta yi bayani ne a kan wani ma'adini da babu mai haƙar sa don kasuwa, wanda masana duwatsu da yawa sukan gama aiki har su yi ritaya ba su taɓa ɗora ido a kansa ba. Sunansa galayit.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne namu a ciki? Dalili shi ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin galayit wani ƙarfe ne mai suna galiyam. Wannan ƙarfe yana cikin wayar da ke aljihunka, yana cikin fitilar cajin da kake karatu da ita idan an ɗauke wuta, kuma tun daga shekarar 2023 manyan ƙasashen duniya suke kai ruwa rana a kansa. A ƙasar Afirka aka fara gano galayit. Duk da haka, galiyam ɗin da duniya ke amfani da shi ba daga galayit yake fitowa ba, kuma ba a Afirka ake tace shi ba. Yadda aka yi haka ta kasance shi ne abin da za mu bi diddiginsa.

Sinadari daban, ma'adini daban

Kafin a yi nisa, ya kamata a raba wasu kalmomi biyu da muke yawan gwamutsawa. Masana kimiyya sun tantance sinadarai na asali guda 118, wato abubuwan da su ne tubalan ginin komai. Daga cikinsu akwai zinariya da dalma da tutiya da jan ƙarfe da farar wuta, wadda wasu ke kira kibiritu. Ma'adini kuwa galibi shi ne abin da ake samu idan waɗannan sinadarai suka haɗu a cikin ƙasa bisa wani tsari tabbatacce. Ga ɗalibin harshe misalin ba shi da wuya: sinadarai su ne baƙaƙe da wasula, ma'adinai su ne kalmomi. Kamar yadda 'yan haruffa ke ba da dubban kalmomi, haka aka samu ma'adinai sama da 6,000 da masana suka amince da sunayensu.

Akwai wani babban dangi na ma'adinai da ake kira salfayid, wato waɗanda ƙarfe ya haɗu da farar wuta a cikinsu. Bahaushe ya daɗe da sanin ɗaya daga cikin 'yan wannan dangi, domin dutsen tozali, mai walƙiya da nauyi, dalma ce da farar wuta. Galayit ma ɗan gidan ne. A cikinsa, kowace ƙwayar zarra ɗaya ta jan ƙarfe tana tafiya da ɗaya ta galiyam da biyu na farar wuta, shi ya sa masana ke rubuta shi da CuGaS2. Idan aka auna da nauyi, galiyam ya kai kusan kashi 35 cikin 100, jan ƙarfe kusan 32, sauran kuma farar wuta ce.

A ido ba shi da wani kyau. Launinsa toka-toka ne mai ɗan ƙyallin ƙarfe, ba shi da tauri sosai, wuƙa tana iya kartar sa, kuma ya fi ruwa nauyi sau huɗu da 'yan kai. Babbar matsalar ita ce, ba kasafai ake samun sa a matsayin curi da za a ɗauka a hannu ba. Yawanci 'yan ƙananan ƙwayoyi ne ko siraran layuka da ke maƙale a cikin wasu ma'adinai, sai an yanka dutsen an goge shi ya yi sumul, an sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, sannan a gan su.

Ƙarfen da aka siffanta kafin a gan shi

Tarihin galiyam shi kansa abin sha'awa ne. A shekarar 1869 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Rasha, Dimitiri Mendeliyef, ya jera sinadaran da aka sani a lokacin cikin wani jadawali, bisa nauyinsu da halayensu. Da ya zo ƙarƙashin alminiyam sai ya ga babu sinadarin da ya dace da gurbin. Bai cusa wani ba, ya bar wurin a buɗe. A 1871 ya rubuta siffofin wannan baƙo da ba a taɓa gani ba: ya ce nauyin zarrarsa zai kai wajen 68, zai fi ruwa nauyi kusan sau shida, zai narke da ɗan zafi kaɗan, kuma ta hanyar nazarin haske za a gano shi.

Bayan shekara huɗu, a 1875, wani Bafaranshe mai suna Lecoq de Boisbaudran yana binciken dutsen tutiya da aka haƙo daga tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Sifen. Kowane sinadari, idan aka zafafa shi ƙwarai, yana fitar da haske mai layukan launi nasa na kansa, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsarsa. Lecoq ya ga wasu layuka biyu masu launin shuni da ba na kowane sanannen sinadari ba. Sai da ya sarrafa ɗaruruwan kilo na dutse kafin ya tara ɗan abin da zai iya aunawa. Ya raɗa masa suna daga Galiya, tsohon sunan Faransa a harshen Latin. Wasu sun yi tsegumin cewa kansa ya yi wa takwara a fakaice, domin sunansa yana nufin zakara a Faransanci, kalmar zakara a Latin kuwa tana kama da sunan ƙarfen. Shi dai ya musanta.

Wani abu ya faru a nan da ya kamata kowane ɗalibi ya ji. Lecoq ya auna sabon ƙarfen ya ce ya fi ruwa nauyi sau 4.7. Mendeliyef, wanda ko ƙwaya ɗaya bai taɓa riƙewa ba, ya rubuto daga Rasha cewa a sake awo, domin lissafinsa ya nuna tsakanin 5.9 da 6.0. Lecoq ya ƙara tace ƙarfen ya sake aunawa, sai ga 5.9. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa masana suka yarda da jadawalin da ke rataye a bangon kowane ɗakin gwaji na sakandare a yau.

Galiyam yana narkewa da zafi ya kai digiri 29.76 a ma'aunin Salshiyos. Zafin jikin mutum kusan 37 ne, saboda haka idan ka riƙe shi a tafin hannu zai zama ruwa mai ƙyalli kamar zaiba, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa ba sai an taɓa shi ba ma. Amma ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 2,000. Idan ya daskare yakan kumbura kamar yadda ruwa ke yi in ya zama ƙanƙara, don haka ba a ajiye shi a kwalba, zai fasa ta. Kuma idan ruwansa ya taɓa alminiyam, yakan ratsa cikinsa ya mayar da shi abu mai marmashewa kamar biskit, shi ya sa ake tsananta doka wajen ɗaukar sa a jirgin sama.

Kama da wane

Daga 1875 da aka gano galiyam, sai da aka shafe shekara 83 kafin a samu wani ma'adini da za a ce nasa ne na kansa. Mutum zai zaci ƙarancinsa ne ya jawo haka. Ba haka ba ne. A kowane tan ɗaya na ɓawon duniya akwai galiyam kimanin giram 17 zuwa 19. Wannan kusan daidai yake da yawan dalma, kuma ya ninka zinariya sau dubbai. To amma dalma takan taru wuri ɗaya ta yi jijiya a cikin dutse har a haƙa, zinariya ma haka. Galiyam shi ne ba ya taruwa.

Dalilin yana cikin wancan gurbi da Mendeliyef ya bari. Galiyam yana ƙarƙashin alminiyam a jadawali domin halinsu ya yi kama, girman zarrarsu ma bai yi nisa da juna ba. Alminiyam kuwa shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon duniya, yana cikin yumɓu da laka da mafi yawan duwatsu. Lokacin da ma'adini ke ginuwa yana jera ƙwayoyin alminiyam, idan ƙwayar galiyam ta zo sai a karɓe ta a ba ta wuri, ginin bai lura da bambanci ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma a nan kamannin sun isa a buɗe ƙofa. Haka nan yakan shige gurbin tutiya a cikin dutsen tutiya da ake kira sifalarayit, irin wanda Lecoq ya bincika. Masanin duwatsu Victor Goldschmidt, wanda ya yi aiki a Norwe da Jamus, ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta sajewa, kuma galiyam na daga cikin fitattun misalanta.

Ke nan galiyam yana ko'ina, kaɗan-kaɗan, a gidajen wasu. Kafin ya gina nasa gidan, sai an samu wani yanayi na musamman inda ya yi yawa har masu masaukinsa suka kasa ɗaukar sa duka. A nan ne ƙarancin galayit ya samo asali.

Tsumeb da Kipushi

An samu irin wannan yanayi a wasu mahaƙu biyu na kudancin Afirka. Ta farko ita ce Tsumeb da ke arewacin Namibiya, suna mai daɗin faɗa a bakin Bahaushe ko da yake masu shi ba sa furta shi da irin namu "ts" ɗin. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen yankin suna sassaƙar wani koren tudu da ke wurin, suna sayar da dutsen ga maƙeran Obambo masu narka jan ƙarfe. Turawa sun ga tudun a 1893, a farkon ƙarni na 20 kuma wani kamfanin Jamus ya fara haƙa gadan-gadan. Ma'adinan suna tsaye ne kamar wani katafaren bututu da ya nutse cikin ƙasa sama da mita 1,500. Masana ma'adinai suna ɗaukar Tsumeb a matsayin ɗaya daga cikin wurare mafi ban mamaki a duniya: an samu ire-iren ma'adinai sama da 240 a rami ɗaya, fiye da 60 daga cikinsu kuma a nan aka fara ganin su.

Ta biyu ita ce Kipushi a yankin Katanga na Kwango, kimanin kilomita 30 daga Lubumbashi, dab da iyakar Zambiya. An fara haƙa a nan a 1924, zamanin mulkin mallakar Beljiyam. Wuraren biyu suna da nisa da juna amma sun yi kama. A duka biyun, ruwa mai zafi ɗauke da jan ƙarfe da dalma da tutiya da farar wuta ya ratsa ta cikin dutsen dolomayit, wanda dangin farar ƙasa ne, ba shi da alminiyam sosai. Ruwan ya zo da galiyam da wani ƙarfe mai suna jamaniyam fiye da yadda aka saba gani. Wani kaso na galiyam ɗin ya shige cikin sifalarayit da ma'adinan jamaniyam tun suna da zafi. Da suka huce, sai suka fitar da abin da ya yi musu yawa, kamar yadda man ja ke yin gudaji idan sanyi ya kama shi. Waɗannan gudaji su ne siraran layukan galayit.

A 1958 masana uku, Hugo Strunz da Bruno Geier da Erich Seeliger, suka wallafa bayanin wannan ma'adini daga samfuran Tsumeb da Kipushi, suka bayyana shi a matsayin ma'adinin galiyam na farko mai zaman kansa. Ya kamata a lura da shekarar. A lokacin Kwango tana hannun Beljiyam, sai 1960 ta samu 'yanci, Namibiya kuma tana hannun Afirka ta Kudu har zuwa 1990. Daga baya Tsumeb ta ƙara ba da wasu ma'adinan galiyam, kamar songeyit a 1965 da tsumgalayit a 2003. An kuma ga galayit a wasu 'yan wurare ƙalilan a wasu nahiyoyi, ko'ina dai a matsayin 'yan ƙwayoyi.

To daga ina galiyam ke fitowa?

Bari mu yi ɗan lissafi. Da za a tara tan ɗaya na galayit zalla, zai ƙunshi galiyam kilo 350. Tan ɗaya na boksayit, wato jan dutsen da ake samun alminiyam daga gare shi, yana da galiyam kimanin giram 50 kacal. Galayit ya ninka shi sau 7,000 ke nan. Amma babu inda za a tara tan ɗaya na galayit, alhali boksayit ana haƙar ɗaruruwan miliyoyin tan duk shekara.

A matatar alminiyam, ana dafa boksayit a cikin ruwan soda mai zafi, irin sodar da masu yin sabulu suka sani. Alminiyam ya narke a ciki, galiyam ma ya bi shi, tun da ko a nan ba a rabuwa. Idan aka janye alminiyam, ruwan sodar ba zubar da shi ake yi ba, ana mayar da shi a sake dafa wani dutsen. Kowane zagaye yana barin ɗan galiyam a baya, har ya taru ya kai yadda za a iya kama shi da wasu sinadarai na musamman, a fitar da shi da lantarki, sannan a yi ta tacewa har tsarkinsa ya kai kashi 99.9999 cikin 100. Ana samun wani ɗan kaso kuma daga matatun tutiya. An taɓa gwada buɗe mahaƙa don galiyam da jamaniyam kaɗai, wato mahaƙar Apex a jihar Utah ta Amurka, a tsakiyar shekarun 1980, amma a 1987 ta tsaya.

Wannan ya nuna cewa galiyam ɗan rakiya ne. Ba wanda zai gina matatar alminiyam saboda shi, kuma matatu da yawa ba sa damuwa su cire shi, suna barin sa ya bi shara. Irin haka ta taɓa faruwa a ƙasarmu: masu haƙar kuza a Filato sun daɗe suna watsar da kwalambayit a matsayin datti, sai da buƙatarsa ta tashi a shekarun 1950 aka koma ana tona tsoffin juji, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Amfaninsa da rigimar da ke kansa

Abin da ake samarwa na sabon galiyam a duniya bai kai tan 1,000 ba a shekarar 2023, ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da sauran ƙarafa. Amma inda yake shiga ba shi da sauƙin musanyawa. Haɗinsa da arsenik yana cikin sassan wayar salula masu ƙarfafa saƙon da take aikawa. Haɗinsa da naitirojin shi ne ya ba da 'yar fitila mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. Idan aka shafa wa wannan shuɗiyar fitila wani sinadari mai rawaya sai haskenta ya koma fari, kuma wannan farin haske ne ya kori fitilar ƙwai da aci-bal-bal daga ɗakuna da teburan masu shayi. Haɗin nan dai yana cikin ƙananan cajojin zamani da na'urorin rada na soja.

Akwai wani amfani da ya dawo da mu kan galayit kai tsaye. Wani nau'in faifan sola sirara ana yin sa ne da jan ƙarfe da indiyam da galiyam da seleniyam, kuma yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a cikinsa daidai yake da yadda suke a galayit. Wato injiniyoyi suna ƙera ɗan'uwan wannan ma'adini a masana'anta, shimfiɗe a kan gilashi, alhali na asalin sai an neme shi da madubi.

Tun da galiyam yana bin alminiyam, wanda ya fi kowa matatun alminiyam shi zai fi kowa galiyam, in ya ga dama. Ƙasar Sin ta ga dama. Ta sa na'urorin cire shi a matatunta, kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi, masu yin sa a wasu ƙasashe suka rufe: Hangari a 2015, Jamus a 2016. Zuwa 2023, kusan kashi 98 cikin 100 na ɗanyen galiyam na duniya daga Sin yake fitowa. A watan Agusta na wannan shekarar ta fara buƙatar lasisi kafin a fitar da shi, a Disamba 2024 ta hana sayar wa Amurka baki ɗaya, sannan a Nuwamba 2025 ta jingine haramcin na wani lokaci bayan tattaunawar ƙasashen biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne matsayin Afirka. Gini ce ta fi kowace ƙasa ajiyar boksayit a ƙarƙashin ƙasa, ita ce kuma ta fi kowa fitar da shi, mafi yawansa zuwa Sin. Kowane jirgin ruwa da ya tashi daga gaɓarta da tan 100,000 na jan dutse, in aka bi wancan lissafi na giram 50, yana ɗauke da galiyam wajen tan 5, ciniki kuwa na dutsen alminiyam aka yi. Har zuwa 2024 babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin masu samar da galiyam. Akan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to a nan an tona, har an loda an kai tashar jirgin ruwa. Abin da ya rage shi ne matata, da wutar lantarki mai tsayawa, da mutanen da suka san aikin.

Su kuma mahaƙun biyu, kowace ta kama hanyarta. Kipushi ta tsaya a 1993, ta yi shekara 31 a kwance, sannan kamfanin Ivanhoe na Kanada tare da kamfanin gwamnatin Kwango, Gécamines, suka farfaɗo da ita a 2024. Tutiya ake nema a wurin, duk wata ƙwayar galayit da ke cikin dutsen kuma ana niƙe ta ne tare da sauran. Tsumeb an rufe ta a 1996, ruwa ya cika ramukanta. Wanda ke son ganin galayit ɗinta a yau sai ya nufi gidajen adana kayan tarihi ko ɗakunan masu tara duwatsu, inda ake ajiye shi a 'yan ƙananan akwatuna, da takarda a gefe mai nuna sunansa da inda aka haƙo shi.